Kwamfutar da Ta Ce Ba Ta Ga Faifanta Ba

Ranar wata Litinin da hantsi, cikin tsakiyar hunturu, wata ɗalibar digiri na biyu ta shigo shagona da ke Samaru rungume da laftof, igiyar caja tana jan ƙasa. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, an ce mini faifan ya mutu, kuma aikina na shekara biyu yana ciki." Babi huɗu na kundin bincikenta, da bayanan da ta sha rana ta tattaro a gonaki, da duk lissafin da ta yi da manhajar R, a faifai guda suke. Kwafin da ke cikin imel ɗinta tun na kafin damina ne.

Kwamfutar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, mai Intel Core ƙarni na takwas da faifan SSD nau'in NVMe. Debian 12 ne a kanta, wani tsarin aiki na Linux, wanda ya fito a watan Yunin 2023 da kanel 6.1, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'urorin injin. Wani abokin karatunta ne ya saka mata, ya share Windows gaba ɗaya, kuma ta fi shekara tana aiki lafiya lau. Cuta ɗaya ta san kwamfutar da ita: babban batir ya daɗe da mutuwa, da zarar an ɗauke wuta ita ma ɗif take yi. Ta tafi gida hutun mako uku ta bar ta a ɗaki. Da ta dawo ta jona ta kunna, sai ta ƙi shiga.

Na kunna a gabanta. Shuɗin allon GRUB, 'yar manhajar da ke ɗauko tsarin aiki daga faifai, ya fito kamar kullum, da sunan Debian a sama. Daga nan allo ya yi baƙi, layuka huɗu suka bayyana, kowanne ya fara da "ACPI BIOS Error" ko "ACPI Error", biyu daga cikinsu sun ƙare da AE_NOT_FOUND. Sai shiru na kusan rabin minti. Sannan wannan:

Gave up waiting for root file system device.
ALERT! UUID=... does not exist. Dropping to a shell!

Ƙarƙashinsa kalmar initramfs da ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, yana jiran a rubuta masa umarni.

Kafin ta zo wurina ta kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Yadda ta ba ni labari, ya kwafi layin farko ya zuba a intanet, aka ce masa ya ƙara acpi=off a layin umarnin kanel. Ya ƙara. Layukan suka ɓace, kwamfutar kuma ta tsaya cak ba ta ma kai inda take kaiwa ba. Ya gwada noapic, ya gwada nomodeset. Da ya gaji ya tashe ta da filash mai ɗauke da Linux, ya nemi faifan, babu shi. Ya yanke hukunci: SSD ya ƙone, ta kawo kuɗin sabo. Ban ga laifinsa sosai ba. Kanel biyu daban sun ce ba su ga faifai ba, kuma SSD na hannu yakan mutu ba sallama. Da ni ne a ranar da shago ya cika, wataƙila abin da zan ce ke nan.

Abin da ya hana ni yarda shi ne shuɗin allon nan. GRUB ba a iska yake zaune ba, a kan faifan yake. Shi kansa kanel ɗin da ke kukan bai ga faifai ba, daga cikin faifan aka ɗauko shi daƙiƙa arba'in da suka wuce. Mataccen faifai ba ya miƙo fayil.

Sai an san yadda ake miƙa ragama wajen tashi kafin wannan ya zauna a kai. Da an danna maɓalli, BIOS ne ke fara farkawa. A injinan yanzu ainihin sunansa UEFI, amma duk a kasuwa BIOS muke cewa, ni ma haka zan ci gaba da cewa. Shi yake da nasa ƙananan direbobin, wato manhajojin da ke sarrafa na'ura, da yake karanta faifai da su. GRUB ba ya zuwa da nasa, aron hannun BIOS yake yi ya ɗauko fayil biyu ya zuba a RAM: kanel ɗin kansa, da initramfs, wato 'yar jakar guzuri mai ɗauke da direbobin da kanel zai buƙata kafin ya kai ga babban faifai. Da kanel ya karɓi mulki, BIOS ya janye hannunsa. Daga nan sai kanel ya nemo kowace na'ura da nasa idon. Kamar baƙon da ɗan acaɓa ya ratsa da shi lungunan cikin birni ya sauke shi a ƙofar gida ne: zuwa dai ya zo, amma in aka ce ya koma Ƙofar Doka da ƙafarsa, sai in ya san hanya da kansa. To BIOS ya san hanyar faifan nan, kanel bai sani ba. Tambayar ta tashi daga ko faifan yana da rai, ta koma me ya shiga tsakaninsa da kanel.

A nan ni ma na yi nawa ɓatan kan. Abin da na fi gani a garin nan shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta manhaja, initramfs ya fito rabi da rabi, direban nvme bai shiga ciki ba. Na zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB, sakamako ɗaya. Na rubuta modprobe nvme, ya karɓa ba gardama, alamar direban yana nan. Na duba /proc/partitions, wayam. Na ce to ƙura ce, hunturun Zariya ba ya barin komai. Muka kwance bayan kwamfutar, muka zare SSD, muka goge bakinsa, muka hure ramin, muka mayar. Babu abin da ya canza. Awa guda ta tafi a haka, ɗalibar tana zaune a benci tana jan carbi, ni kuma ban yi abin da ya kamata in fara yi ba tun minti na farko, wato in karanta abin da kanel ya rubuta gaba ɗayansa.

Yaron shagona na sa ya rubuta dmesg | grep -i -A1 nvme, don hannuna duk ƙura. Ya ce, "Oga, layi biyu ne kawai." Na ce karanto.

ahci 0000:00:17.0: Found 1 remapped NVMe devices.
ahci 0000:00:17.0: Switch your BIOS from RAID to AHCI mode to use them.

Kanel ya ga faifan, ya ƙirga shi, ya faɗi inda aka ɓoye shi, har ya faɗi maganin da Turanci mai sauƙi: a shiga BIOS a mayar da shi daga RAID zuwa AHCI. Tun ranar farko yake faɗin haka a kowace kunnawa. Ba wanda ya gani, domin ba a allo yake faɗa ba.

Dalilin ɓoyuwar saƙon shi ne ya fi ba ni haushi a duk lamarin. Kowane saƙon kanel yana da daraja daga 0 zuwa 7. Sifili shi ne na halaka, 3 kuskure, 4 gargaɗi, 6 bayani, 7 na masu bin diddigin manhaja. Debian yana zuwa da kalmar quiet a layin umarnin kanel, aikinta kuwa ta hana duk saƙon da lambarsa ta kai 4 fitowa a allo. Saura suna tafiya rumbun da dmesg ke karantawa. Layukan ACPI an yi musu lamba 3, saboda haka su ne ke tsaye a allo suna ihu. Layi biyun da ke ɗauke da amsar an yi musu lamba 4. Tazarar lamba ɗaya ce ta sa mai gyaran farko ya bi ACPI har ya kai ga yi wa lafiyayyen faifai jana'iza. Kuma lambar nan ba awon haɗarin da mai kwamfuta ke ciki ba ce. Wanda ya rubuta wancan ɓangaren na kanel ne ya zaɓe ta, gwargwadon yadda abin ya dame shi a nasa ɓangaren. Ga direban ahci, faifan da ba nasa ba ya ɓuya abin a ja hankali ne kawai. Ga mai kundin digiri, shi ne duniyar gaba ɗaya.

Shi wannan RAID ɗin da ake magana ba haɗa faifai biyu ba ne, don faifai ɗaya ne a injin. Wani tsari ne na Intel da ake kira RST. In an kunna shi a irin waɗannan injina, sai a janye SSD ɗin NVMe daga inda ya saba bayyana a layin PCI, a tura shi bayan na'urar da ke kula da faifan SATA, ta yadda sai direban Intel na Windows ne zai iya isa gare shi. Da na tashe ta da filash na rubuta lspci, hakan na gani: babu layin "Non-Volatile memory controller" sam, na'urar da ke lamba 00:17.0 kuma ta kira kanta "RAID bus controller". An taɓa kai wa masu kula da kanel gyaran da zai sa Linux ya leƙa bayan labulen, fiye da sau ɗaya, ba su karɓa ba. Hujjarsu ita ce a wannan yanayi shaidar faifan ta ɓuya, kanel ba zai san ƙirar wane kamfani ba ne balle ya kauce wa larurorin da aka san shi da su, kuma ba zai iya sake tashinsa yadda ya dace ba in ya sarƙe. Sai suka tsaya a kan gargaɗi. Rigimar ta taɓa fitowa fili a 2016, lokacin da aka tarar wasu laftof na Lenovo ba su da ma wurin canzawa zuwa AHCI, har sai da kamfanin ya fitar da wani BIOS mai zaɓin. A injinan da suka zo daga ƙarni na sha ɗaya, Intel ya koma wata dabara mai suna VMD, wadda ita Linux yana da direbanta. Kada a haɗa su.

Saura tambayar wa ya canza. Ɗalibar ta rantse ko ƙanwarta ba ta taɓa kwamfutar ba, ɗakin ma a kulle yake. Na rubuta date a wannan baƙin allon, sai ga kwanan wata na shekarun baya, tun kafin ta shiga jami'a. Shi ke nan. A kan bod akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, mai volt 3, wanda ke riƙe agogo, kuma a injina da yawa in ya ƙare sai BIOS ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Muddin akwai caja a jone, ko babban batir yana da ɗan rai, ba a gane ya mutu. Nata babban batirin ya riga ya tafi, ƙaramin yana ta ja da ƙyar, mako uku ba wuta suka ƙarasa shi. Mita ta nuna bai kai volt ɗaya ba. Yadda injin ya fito daga masana'anta kuwa RAID ne, abokin karatunta ne ya mayar da shi AHCI ranar da ya saka Debian, bai kuma gaya mata ba, don a ganinsa an wuce wurin.

Na shiga BIOS na canza. Ta tashi tsaf har allon kalmar sirri. Ɗalibar ta miƙe tsaye tana hamdala, na ce ta zauna tukuna, ba a taɓa komai ba sai an kwashe. Muka juye babban fayil ɗinta gaba ɗaya a faifan waje, ta tura babi huɗun a imel ta wayarta. Bayan nan na yi gwajin da zai tabbatar da zargina: na kashe, na zare caja, muka jira minti biyar, na mayar. Ta koma RAID, agogo ya koma baya, baƙin allo ya dawo. Da na sallame ta a kan canjin BIOS kaɗai, kafin Keke ya kai ta Kwangila gyaran ya warware.

Batirin irin mai rigar roba ne da 'yar waya biyu da soket, ba wanda ake zurawa a rami ba. Yarona ya ce a sayo CR2032 na agogo a liƙa wayoyin da salatif, kamar yadda ake yi. Na hana. Salatif yana saki in zafi ya zo, dalma kuma ba a ɗora ta kai tsaye a kan irin wannan batir, yana iya fashewa. Na tura shi PZ, bayan la'asar ya dawo da mai soket. Wanda ke da Windows a gefe ya lura: in an saka Windows a yanayin RAID aka juya zuwa AHCI kai tsaye, shi ma zai ƙi tashi da nasa shuɗin allon, sai an fara bi da shi ta Safe Mode. Ita ba ta da wannan damuwar.

Layukan ACPI kuwa suna nan ko da ta tashi lafiya. Na nuna mata journalctl --list-boots, na buɗo rubutun wata kunnawa ta watanni biyar baya, ga su nan, layi huɗu, harafi da harafi. Tun ranar da aka saka Debian suke fitowa, sai dai da suna wucewa cikin ƙiftawar ido kafin allon shiga ya rufe su. Da tashi ya tsaya, sai suka samu rabin minti suna tsaye su kaɗai, aka kama su a wurin da aka yi sata. ACPI yarjejeniya ce tun ta 1996, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fara shimfiɗawa, ta yadda BIOS zai miƙa wa tsarin aiki bayanin injin: ina batir, ina fanka, yaya ake barci, yaya ake kashewa. Bayanin yana zuwa a wasu tebura, kamar DSDT da SSDT, masu ɗauke da 'yan shirye-shiryen da kanel ke karantawa ya aiwatar. Masu ƙera laftof sukan yi tebur ɗaya don injina iri-iri, sai ya ambaci na'urar da babu ita a wannan ƙirar. AE_NOT_FOUND ke nan: an kira suna, ba wanda ya amsa. Windows yakan wuce bai ce uffan ba, kuma da shi ake gwada injin kafin a sayar. Linux sai ya faɗa. Ba kullum ne ba su da illa ba. In barci ya ƙi, ko fanka ta ƙi juyawa, ko hasken allo ya ƙi raguwa, nan ne wurin dubawa. Amma acpi=off ba magani ba ne, yanke jijiya ne. A injin zamani yakan bar ka da ƙwaƙwalwar sarrafawa guda ɗaya, ba awon batir, ba kashewa da kanta, in ma ta tashi.

Washegari da safe sai ga ta ta dawo. "Malam, ta tashi, amma babu intanet." Wannan kam sakacina ne. Na san BIOS ya koma na masana'anta, na gyara abu ɗaya da agogo, ban bi sauran shafukan ba.

Katin waya-fai na cikin injin ya daɗe da lalacewa, da ɗan ƙaramin na USB take amfani, mai guntun Realtek 8821CU. Kanel 6.1 ba shi da direbansa. Sai a 6.2, cikin 2023, direban rtw88 ya fara karɓar irin waɗannan na USB. Abin da abokin nata ya yi shi ne ya ɗauko direba daga waje ya gina shi da DKMS, manhajar da ke sake gina irin wannan direba duk sanda kanel ya sabunta. lsusb ya nuna na'urar tana nan. Na ce modprobe ya loda direban, ya amsa da "Key was rejected by service". Na tambayi mokutil --sb-state, ya ce Secure Boot a kunne yake. Shi ma abokin ne ya kashe shi a da, mutuwar batir ta dawo da shi. Debian kansa yana tashi lafiya a ƙarƙashin Secure Boot tun fitowa ta 10, shi ya sa ban lura ba jiya. Amma in yana kunne, kanel ba ya karɓar direban da bai san sa hannunsa ba. DKMS yana sa wa abin da ya gina hannu da makullin da ya ƙirƙira a injin, sai dai ba wanda ya gabatar da makullin ga BIOS.

Hanya uku ce a gabana. In kashe Secure Boot, minti ɗaya an gama, amma na sake ɗaura aikinta a kan wani saiti da ba ta san da shi ba, irin ramin da ta faɗa jiya. In shigar da makullin da mokutil, ya fi tsabta, amma direban wajen yana nan, kuma duk ranar da kanel ya sabunta ya ƙi ginuwa za ta dawo. Na ɗauki ta uku, na kawo kanel ɗin da ya san na'urar da kansa. Muka jona wayarta da kebul ta ba kwamfutar intanet, wanda ba ya buƙatar wani direba na musamman, na buɗe bookworm-backports, ma'ajiyar sababbin manhajoji ta Debian 12, na sauko da sabon kanel mai sa hannun Debian, na cire tsohon direban da fayil ɗin da ya bari na hana rtw88 tashi, don kada biyu su yi kokawa a kan na'ura ɗaya.

Ta tashi, waya-fai shiru. Wannan karon dmesg na fara dubawa, ga shi kuwa: ya nemi rtw88/rtw8821c_fw.bin bai samu ba. Direba daban, wannan fayil daban. Direba a kanel yake zaune yana ba da umarni. Wannan kuwa 'yar manhaja ce da ake ɗura wa guntun kansa duk lokacin da aka jona shi, in babu ita ba ya ko motsi. Direban wajen yana ɗauke da tasa a cikinsa, shi ya sa ba a taɓa neman ta ba. Na saka firmware-realtek daga sashen non-free-firmware, wanda Debian ya ware tun fitowa ta 12. Na zare na'urar na mayar, sunayen waya-fai na maƙwabta suka jero.

Na rubuta mata a takarda: AHCI, Secure Boot a kunne, kwanan watan da aka sa ƙaramin batir. Na liƙa a ƙasan kwamfutar da salatif ɗin da na hana yarona. Tana haɗa kaya ta ce, "Malam, waɗannan layukan na farko fa, ba za a iya goge su ba? Gabana faɗuwa yake in na gan su." Ana iyawa, loglevel=3 kawai za a rubuta su daina fitowa. Na buɗe /etc/default/grub na cire quiet, na sa loglevel=5 a wurinsa, yadda gargaɗi ma zai riƙa fitowa, na yi update-grub na sake kunnawa. Rubutu ya zubo ya cika allo kafin ya wuce. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Na zo a rage mini, an ƙara." Yarona ya juya baya yana dariya. Na ce in ta sake tsayawa ta ɗauki hoton allon gaba ɗaya ta turo mini, har ƙasa, kafin ta hau Keke.